Yadda zaka auna aikin shagonka ka gano inda lokaci da kwastomomi ke zurarewa

Duk mai sana'ar da ka tambaya a garin nan na Jos ya kasuwa, zai ce maka Alhamdulillah ko ya ce sai a hankali, kuma in ka bi diddigi abin da ya duba kafin ya baka amsa bai wuce kuɗin da ke cikin durowa da alat ɗin da suka shigo wayarsa ba. To kuɗin durowa yana da amfani babu mai musu, amma shi labarin abin da ya riga ya wuce yake baka, bazai gaya maka mutum nawa suka leƙo suka ga layi suka juya ba, bazai gaya maka Hajiyar da ta saba aiko yaro duk mako ta daina tun watan jiya ba, kuma tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka yi ta hawa, lissafin naira kaɗai ya zama mai ruɗi sosai, sai kaga cinikin wata ya fi na bara a lamba alhali katan ɗin da suka fita daga shagon sun ragu. Shi ya sa nake so mu yi maganar ƙirga yadda aikin kansa ke tafiya, tun daga shigowar mutum har fitarsa da kayansa a hannu. Maganar ta shafi tela da mai gidan abinci da mai wanki da guga da mai gyaran waya da mai shagon kayan masarufi, har da 'yar uwar da ke saida atamfa da turare daga ɗakinta ta WhatsApp.

Fara da littafi da biro

Kar ka fara da sayen kwamfuta ko wata manhaja. Ka samu littafi mai bango mai ƙarfi irin na rajista, ka sa rula ka ja layuka, kwanan wata, sunan mai kaya ko lambarsa, abin da yake so, lokacin da ya zo, lokacin da kuka ce masa ya dawo, lokacin da kayan ya shiga hannunsa da gaske, sai layin ƙarshe na ko an dawo da aikin gyara. Shikenan. Sharaɗin ɗaya ne, a rubuta a lokacin da abin ya faru, dan rubutun da aka bari sai dare bayan an rufe shago son rai yana shiga ciki, kowa zai tuna ya yi sauri. Ka ɗora wa mutum ɗaya alhakin littafin, in kai ne to kai ne, in yaron shago ne ka zauna ka nuna masa har hannunsa ya faɗa. Kuma mako biyun farko kar ka canza komai, kar ka yi wa kowa faɗa, ka bar aiki ya tafi yadda ya saba, saboda so kake ka ga ainihin halin da kake ciki, in ka fara gyara tun ranar farko daga baya baka da abin da zaka gwada da shi ka ce an ci gaba ko an koma baya.

Cikin alkawari goma nawa ka cika

Ni dai in za a ce in zaɓi lamba ɗaya tak in bar sauran, wannan zan ɗauka. Mu ɗauki tela tunda shi ne kowa ke da labari a kansa. A ce a wata ɗaya ka karɓi ɗinki 40, ka buɗe littafi ka ƙirga ka ga 26 ne aka miƙa a ranar da aka faɗa ko kafin ta, 26 a raba da 40 a ninka da 100, kashi 65 cikin ɗari kenan, ma'ana cikin kowane mutum 3 kusan 1 ya zo an ce masa ya yi haƙuri ya dawo bayan la'asar ko jibi. Mutumin nan fa ya biya kuɗin keke daga Rikkos ko ya taso tun daga Bukuru, ya bar nasa aikin, zai kuma sake biya in zai dawo, duk wannan a ransa yana haɗawa da kuɗin ɗinkin ne, kai kana ganin kuɗinka da sauƙi shi kuma yana ganin ka fi kowa tsada. Alkawari kaya ne, kuma a sana'a kwastoma ne ke ɗaukar nauyin in ka sauke masa.

Sai dai a kula da tarkon matsakaici. A ce mutum 9 sun samu kayansu a kwana 5, mutum 1 kuma nasa ya yi kwana 35, in ka haɗa ka raba zaka samu kwana 8, a takarda ba laifi, amma wancan mutum ɗayan shi ne zai zauna a majalisa bayan magariba ya ba da labarinka, kuma masu sauraronsa basu san da sauran taran ba. Dan haka duk ƙarshen mako ka ɗauki jan biro ka zagaye ayyuka uku da suka fi daɗewa ka tambayi kanka me ya riƙe su. A nan ne karatun yake.

Akwai wani ɗan lissafi da zai hana ka yin alkawarin da bazaka cika ba, wani masani ɗan Amurka mai suna John Little ne ya tabbatar da shi a 1961 kuma masana'antu na amfani da shi har yau, amma sauƙinsa ko ɗan firamare zai yi. Ka ƙirga aikin da ke jibge a shago, ka raba da yawan da kuke iya gamawa a rana, abin da ya fito shi ne kwanakin da sabon aiki zai jira. Kaya 72 a ƙasa, kuna gama 6 a rana, kwana 12 kenan. In Alhaji ya shigo ka ce masa kwana 5, to ɗayan biyu ne, ko dai bazai samu ba, ko kuma ka tsallake da shi ka danne haƙƙin wani da ya riga shi kawowa. Gara ka ce ranka ya daɗe kwana 12 ne, in da sauri ne sosai ga kuɗin gaggawa zamu yi aikin dare, ya zaɓa da kansa. Wasu za su tafi wani wajen, eh, amma wanda ya tsaya ya samu kayansa a ranar da aka ce, wannan ka same shi kenan.

Lokacin azumi wannan lissafin ya zama dole. Watan kwana 29 ne ko 30 ba ya ƙaruwa dan kana da kwastomomi da yawa, in saura kwana 20 na aiki kafin Sallah kuma ƙarfinku 6 a rana, iyakarku 120, ka cire 10 ko 15 saboda ranar da wuta zata ƙi zuwa ko keken ɗinki ya lalace ko wani yaro ya kwanta zazzaɓi, da an kai wannan adadin a rufe karɓa ko waye ya zo. Wallahi abin yana min ciwo in ga daren Sallah mutum na tsaye a ƙofar shago da yaransa ana ce masa saura wuya da aljihu, alhali tun ranar da aka karɓi yadin lissafi ya nuna bazai yiwu ba. Kuma mu a Jos kakar ɗinki ba Sallah kaɗai ba ce, Disamba ma haka take saboda Kirsimeti da bukukuwan ƙarshen shekara, sai a yi mata irin wannan lissafin tun Nuwamba. Masu wanki da guga su kuma damina ce tasu, ruwan Jos in ya kama a watan Yuli da Agusta shanya sai ta wuni bata bushe ba, dan haka adadin da kuke gamawa a rana a rani daban na damina daban, kar a yi alkawarin damina da lissafin rani.

Bi aiki ɗaya da ƙafa ka ga inda yake kwana

Bayan ka san kana makara, saura ka san a ina. Ka ɗauki aiki ɗaya ka maƙala masa 'yar takarda da fil, duk wanda ya taɓa shi ya rubuta ƙarfe nawa ya fara ƙarfe nawa ya gama, awo, yanka, haɗawa, aikin wuya ko monogiram, maɓalli, guga, nadewa. Ka yi wa kamar kaya goma haka. Abin da zaka gani zai baka mamaki, ainihin lokacin da hannu ke kan yadin awoyi ne kawai, sauran kwanakin duk a cikin leda yake a kan kanta yana jiran wani. To wajen da kaya suka fi taruwa suna jira, nan ne matsalarka. Kamar mazurari ne, komai faɗin bakinsa na sama, ɗan ramin ƙasan ne ke yanke yawan man da zai shiga jarka.

A shaguna da yawa wannan ramin shi ne oga da kansa, shi kaɗai ke yanka dan bai yarda da hannun kowa ba, kuma shi ne mai zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya da kasuwa sayo zare, yara huɗu na zaune kan keke suna danna waya suna jiran ya dawo. Mai irin wannan shagon in ya tara kuɗi ya sayo sabon keke na biyar, ko riga ɗaya bazata ƙaru ba a rana, kuɗin ya tafi a banza. Abin da zai ƙara masa aiki shi ne ya koya wa babban yaronsa yanka ko da na wando da 'yar ciki ne, ko ya ware safiya daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma ya yanke na yini gaba ɗaya kafin ya fita ko ina. In kuma takardun sun nuna a wajen mai monogiram kaya ke kwana huɗu biyar, sai a je a zauna da shi a tsayar da ranakun kaiwa da karɓowa, ko a samu na biyu a raba musu.

A gidan abinci da minti ake awon. Ka sa wani ya tsaya da waya a lokacin da aka fi cika, wajen ƙarfe ɗaya zuwa uku na rana ko bayan an sauko daga masallacin Juma'a, ya rubuta minti nawa daga faɗin oda zuwa ajiye faranti, sannan minti nawa daga gama ci zuwa gama biya. Wannan na biyun mutane na mantawa da shi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 transfa ta zama ruwan dare, to sai ka tarar alat ɗin wayar maigida yake shiga, maigida kuma baya nan, kwastoma ya ƙoshi yana tsaye yana nuna hoton risit ana ta kiran waya, bayansa mutum uku na jira, teburin da ya kamata wani ya zauna bai tashi ba. In littafi ya nuna biyan kuɗi na cin minti biyar shida, maganin baya da tsada, a samu POS irin na Moniepoint ko OPay a ajiye a kanta, ko a ware wayar shago da alat zai riƙa shiga a gaban mai karɓar kuɗi, kuma a riƙe hanya biyu saboda ranar da netwok ɗin ɗaya zai yi nauyi.

Aikin da aka yi sau biyu

Duk rigar da aka dawo da ita a rage ko a buɗe, duk wayar da aka gyara ta dawo bayan kwana biyu da ciwonta, duk abincin da aka kai tebur aka ce ba shi aka ce ba, aiki ne da ka yi sau biyu aka biya ka sau ɗaya, ga kuma ɓacin ran mai kaya a kai. A bayan littafin ka ware shafi ka rubuta dalilai a jere, awo bai yi daidai ba, an manta abin da mai kaya ya ce, kalar zare ta saɓa, guga ta ƙona, duk wanda ya faru a ja masa sanda ɗaya a gabansa. Bayan wata guda ka ƙirga sandunan, galibi zaka ga dalili biyu ko uku ne suka kwashe yawancinsu, sai ka bar ƙananan ka fuskanci babban.

In ka kama babban kar ka tsaya a amsar farko, dan amsar farko kullum ita ce yaron nan baya da hankali, kuma wannan bata gyara komai. Kamfanin Toyota na Japan yana da wata dabara da aka san injiniyansu Taiichi Ohno da ita, wato a yi ta tambayar me ya sa har kamar sau biyar. Me ya sa rigar ta matse, saboda awon ya yi kaɗan. Me ya sa ya yi kaɗan, saboda daga tsohon littafi aka ɗauko. Me ya sa ba a sake awo ba, saboda aiko yadin ya yi bai zo da kansa ba. Me ya sa ba a kira shi ba, saboda babu wanda ya san awon ya shekara biyu, ba a rubuta kwanan wata a jikinsa. Kaga yanzu an zo wajen da za a iya gyarawa, daga yau kowane awo da kwanan watansa, wanda ya wuce shekara a kira mai shi ko a ce ya aiko rigar da ke masa daidai.

Kaya a kanta

Ga masu saye da sayarwa akwai shafi ɗaya da nake ganin ya fi kowane daraja, shafin babu. Duk wanda ya shigo ya tambayi abu aka ce masa babu, a rubuta abin. Wannan cinikin da ya wuce ka ne kuma durowa bata taɓa nuna shi ba, bayan mako biyu zaka ga wani abu an tambaya sau goma sha, ko dai baka kawowa ko kuma yana ƙarewa kafin ka je sari. Mutum in ya zo sau biyu ana ce masa babu, na uku shagon gaba zai wuce, kuma can zai sayi har abin da kai kake da shi.

Ɗaya ɓangaren kuma kwantai ne. Duk katan da ya shigo ka rubuta kwanan wata a jikinsa da maka, ranar da ya ƙare ka duba kwana nawa ya yi. A ce wani kaya ribar katan ɗinsa naira 2,000 ce amma sai ya yi kwana 60 kafin ya ƙare, wani kuma ribarsa 500 ce kacal amma kwana 5 ya tafi, a cikin kwana 60 ɗin nan na biyun ya juya sau 12 ya kawo 6,000, na farkon yana nan da 2,000 ɗinsa ya kuma riƙe maka jari da waje. Mutane da yawa ribar katan suke kallo su manta da saurin juyawa. Masu kayan gwari irin na Farin Gada su nasu awon ma ya fi gaggawa tunda tumatir da kabeji da latas basa jira, a rubuta kwando nawa aka sauke, nawa aka sayar da kuɗinsa, nawa aka karyar da yamma, nawa aka zubar, kuma wace rana ce a mako, daga nan ne mutum zai gane ranar da ya kamata ya rage sari.

Wuta da mai kuwa lissafinsu gajere ne. Lita nawa janareto ya sha a mako, a ninka da kuɗin lita, a raba da yawan aikin da aka gama a makon, abin da ya fito shi ne kuɗin man da ke kan kowace riga ko kowane aski ko kowace ledar ƙanƙara. In baka san wannan lambar ba to farashinka kintace ne kawai. Ka kuma riƙa rubuta awannin da ake samun wuta, in akwai tsari a ciki sai a tura aiki mai cin wuta irin guga zuwa lokacin, sannan ranar da zaka yi tunanin sa sola kana da lambar da zata gaya maka wata nawa kuɗin zai dawo.

Abin da kwastoma bazai faɗa maka ba

Mutanenmu akwai kunya da kara. Ka ɓata wa mutum rai ka ce ya yi haƙuri, zai ce haba ba komai Allah ya saka da alheri, ya fita, shikenan baka sake ganinsa ba. Dan haka rashin ƙorafi ba shaida ba ce cewa ana jin daɗinka. Awon da ba ya ƙarya shi ne dawowa. Ka buɗe littafi ka ɗauki sunayen waɗanda suka zo wata uku da suka wuce, ka duba nawa ne a cikinsu suka sake zuwa, ga tela ka gwada waɗanda suka kawo ɗinkin ƙaramar Sallah da na babba, ga gidan abinci ko shagon unguwa fuskoki ne ka sani, ka rubuta manyan kwastomominka ashirin ka riƙa duba wa ya ɓace. Wanda ya ɓace a kira shi a gaisa, Hajiya kwana biyu shiru ko lafiya, sau da yawa a cikin gaisuwar ne maganar zata fito.

Sannan a riƙa tambaya bayan an miƙa kaya da kwana ɗaya ko biyu. Manyan kamfanoni suna amfani da wata tambaya da wani masanin kasuwanci mai suna Fred Reichheld ya fito da ita a 2003, wato daga 0 zuwa 10 yaya yiwuwar ka tura ɗan uwanka ko abokinka wajenmu, kana iya gwadawa, amma ni a ganina a wajenmu kara zata sa kusan kowa ya ce 10. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce, in abu ɗaya zamu gyara me kike so mu gyara. Wannan ta ba mutum izinin faɗin aibi ba tare da ya ji ya ci fuskar kowa ba. Kuma a tura ta a rubuce ko a saƙon murya ta WhatsApp, ko a sa wani ba mai shagon ba ya tambaya, dan ido da ido da maigida babu mai faɗa. Amsoshin a zuba su a shafin sanduna irin na gyara.

'Yan uwa mata masu kasuwancin waya, ku naku layin a cikin WhatsApp yake. Ki duba saƙonni ashirin na ƙarshe, ƙarfe nawa aka tambayi nawa ne wannan, ƙarfe nawa kika amsa, sannan cikin ashirin ɗin nawa suka saya. Mai tambaya a sitatus yawanci ba ke kaɗai ta tambaya ba, wadda ta fara amsawa da farashi da hoto mai kyau ita ke ɗauka. In hidimar gida bata barinki riƙe waya kullum, ki tsayar da lokuta ki sanar, ki sa farashi a jikin hoton tun farko dan a rage tambaya, WhatsApp Business kuma yana da wajen jera kaya da farashinsu da alamomin da zaki raba wanda ya biya da wanda ke jiran kaya. Ki auna har kaiwa, daga biya zuwa isar kaya hannu, ko mai keke ne cikin gari ko ta tasha ne zuwa Abuja ko Bauchi ko Kano, dan in direba ya kwana da kaya ke za a ce bakya cika alkawari.

Bashi ma a auna shi da kwanaki, jimilla kaɗai bata isa ba. A raba shi uku, wanda bai kai mako biyu ba, wanda ya kai wata, wanda ya haura wata biyu. In kason ƙarshen ne ke kumbura to jarinka ne ke zaune a gidajen mutane, kuma shi ne ke jawo babu ɗin da muka yi magana a sama.

Zaman mako da yara

Duk wannan rubutun in ba a zauna an duba ba wahalar banza ce. Ka tsayar da rana ɗaya a mako, minti ashirin sun isa, kai da yaranka, a karanta lambobi uku ko huɗu kawai, alkawari nawa aka cika, gyara nawa ya dawo, babu nawa aka ce, wa ya ɓace. Kar su wuce haka, mai bin lamba goma sha biyar ƙarshenta ba ya bin ko ɗaya. A zaɓi gyara ɗaya tak na wannan makon, a yi shi, mako mai zuwa a duba ko lambar ta motsa, dan in ka canza abu biyar lokaci ɗaya bazaka san wanne ya yi aiki ba. Kuma a gwada abu da irinsa, Juma'a da Juma'a, azumin bana da na bara, ƙarshen wata da ƙarshen wata lokacin da albashi ya shigo, kar a gwada makon Sallah da makon da ya biyo bayansa a ce kasuwa ta mutu.

Abu ɗaya da nake roƙon masu gida, dan Allah kar littafin nan ya zama bulala. Ranar da yaro ya gane duk abin da ya rubuta da shi za a zage shi ko a cire masa kuɗi, daga ranar littafin zai fara yin kyau shagon kuma yana nan yadda yake, za a daina rubuta gyara, za a riƙa sa lokacin ƙarya. Haka in ka ce lada na wanda ya fi yawan ɗinki ne kawai, za su yi ta gudu ɗinki na karkacewa, shi ya sa kowace lambar sauri sai an haɗa ta da lambar inganci, riga nawa ka gama kuma nawa aka dawo da su. Ka tambaye su ra'ayinsu da gaske, yaron da ke kan keke ko yarinyar da ke zuba abinci sun riga ka sanin inda aiki ke tsayawa, sau da yawa ba a taɓa tambayarsu ba ne kawai. In lamba ta gyaru a faɗa a gaban kowa a yaba, in da hali a ɗan sa musu wani abu a aljihu.

In littafin ya yi wata biyu uku ana cika shi ba fashi, kuma ƙirgar hannu ta fara cin lokaci, a lokacin ne ya dace a kwashe shi zuwa Excel ko Google Sheets a waya, layukan nan dai guda bakwai su za a mayar, sai ya riƙa fitar da kason da kansa. Mai reshe biyu, a ce ɗaya a Terminus ɗaya a Bukuru, ya tabbatar layukan iri ɗaya ne kuma ma'anar an cika alkawari ɗaya ce a duka biyun, wato kaya ya shiga hannun mai shi ko an kira shi an ce ya gama a ranar da aka faɗa, in ba haka ba kowane reshe zai ƙirga yadda ya fi masa daɗi kuma bazaka iya gwada su ba.